Ranar da Aka Bar Duwatsu Ba Mai Riƙo

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata turaku, ya ba kowane tsuntsu reshensa, ya sanya wa kowane matafiyi ranar sauke kaya. Baƙona, gyara zama, matso kusa da murhu, ka sha furar nan tun ba ta tsinke ba. Ka tambaye ni yadda aka yi mutumin birni kamata ya ƙare a kan tsauni, daga shi sai awaki. To, saurara. Sunana Korau ɗan Nomau, kuma duk abin da zan faɗa maka da idona na gan shi, da ƙafata na taka shi.

A Birnin Dabagi aka haife ni, garin da in ka ɗaga ƙafa a kasuwa, kafin ka sauke ta wani ya tsaya a gurbinta. Gidanmu kuwa ya fi kasuwar cika. 'Ya'ya da jikoki da 'yan riƙo, ba wanda ya san iyakarmu. Wata shekara na faɗa wata busasshiyar rijiya a bayan gari, na yi kwanaki a ciki ina kururuwa kafin wani makiyayi ya ciro ni. Na dawo gida ina ɗingishi, ina jiran a rungume ni a yi ta kuka. Yayana ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Korau, tunda kana tsaye, miƙo mini butar can."

Ba wanda ya san na ɓata. Tuwona ma bai rasa mai cinye shi ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Na sari sandar kanya mai lanƙwasar kai, na ɗaure takalmi, na ɗora guzuri a kan jaki, na ce sai na ga inda mutane suka ƙare a duniya.

Na ratsa ƙasar da ake shuka gishiri a girbe shi kamar gero. Na iske kogin da yake gudu gabas da safe, ya juya yamma da la'asar, ya cinye jiragen mutane ba adadi. Ni kuwa na zauna a bakinsa ina cin ƙuli-ƙuli har azahar, lokacin da yake tsayawa cik yana shawarar inda zai nufa, na ja jakina muka haye. A duk wannan yawo sandata ce uwata, ita ce ubana. Da ita nake auna zurfin ruwa, da ita na fasa wa kura baki, ita nake wa hira in kaɗaici ya ishe ni.

Wata rana tsaka na faɗa wani fili fetal, ba itace ba inuwa, sai wani dutse guda tilo a tsakiyarsa, kansa ya shige cikin gajimare. Na ɗaure jaki a wata tsamiya da ta fito a gindinsa, na sauko ƙasa na miƙe a inuwa da sandata a hannu. Zafin rana a fuskata ne ya tashe ni. Na duba, ba inuwa, ba tsamiya, ba dutse. Can nesa na hango shi yana tafiya. Ba gudu yake yi ba, takun ƙasaita yake yi kamar attajiri ya fito daga masallaci, jakina kuwa yana ta kuka a jikinsa, da guzurina da komai.

Mai hankali jakinsa zai bi. Ni ban taɓa cewa ina da shi ba. Na dubi sawun da dutsen ya bari, kowanne kamar kududdufi, na ce a raina, inda wannan ya fito akwai 'yan'uwansa. Na juya na bi sawun da baya cike da ɗoki.

Sawun ya kai ni wani giɓi tsakanin duwatsu biyu, kamar inda haƙori ya fita. Da na shiga sai na tsaya baki buɗe. Duwatsu ne jere, kafaɗa da kafaɗa, sun yi da'ira, shi ya sa mutanen ƙasar suke kiranta Zobe. Na arewa farare ne tas, iska ta aske musu kai. Na kudu sun sha kurmi har wuya. A tsakiya akwai kwari mai zurfin da in ka jefa tsakuwa sai ka manta da ita kafin ka ji faɗuwarta, ga kogi siriri yana kewaya shi yana shayar da gindin kowane dutse. Babu gari, babu ƙauye, babu ko unguwa. Sai dai a kan kowane tsauni hayaƙi guda yana tashi, daga wannan tsauni zuwa wancan kuma an ja igiyar kaba mai kauri da kwando rataye a jiki.

Na hau dutsen da ke bakin giɓin, wanda ruwa yake gangarowa daga kansa. A can na tarar da bukka, da awaki, da wata tsohuwa 'yar ƙarama tana tankaɗe. Na yi sallama. Ta amsa da muryar da ta sa na ja da baya, don ban taɓa jin ƙara irin wannan daga ƙirji ƙanƙane haka ba.

"Maraba da ɗan nan. Daga ina, kuma ina za ka?"

"Iya, daga nesa nake. Wani dutse ne ya sace mini jaki."

Ta ajiye rariya, fuskarta ta canza. "Na marigayi Cindo ke nan. Bai bar magaji ba. Mun riƙe shi da murya iyakar ƙoƙarinmu, ya gane wayo muke masa, ya kama hanya. Allah ya ba ka haƙurin jaki."

Sunanta Iya Gwamma, dutsenta kuma Mai-Ƙorama, don daga idon ruwan da ke kansa kogin ƙasar duka yake fitowa. Ita ta warware mini komai. Dutsen ƙasar Zobe ba ya zama sai yana jin ɗumin murhu a bayansa da muryar mutum a kunnensa. In aka bar shi, sai ya miƙe ya nufi teku ya nutse. Duwatsun kuwa suna da yawa, mutanen kaɗan ne, duk ƙasar ba ta kai jama'ar zauren gidanmu ranar suna ba. Dole kowane gida ya ɗauki tsauni guda. In yaro ya yi aure, ba a yi masa ɗaki, dutse ake nuna masa.

"To, Iya, in mutum yana da uzuri fa?"

"Sai ya kira maƙwabci ya ce, riƙe mini. Shi kuma ya riƙa kiran sunan dutsen daga nasa tsaunin. Dutse yana ruɗuwa na yini guda. Kuma a ƙasar nan ba a cewa a'a ga mai neman riƙo, abin kunya ne."

"Ni ma zan iya riƙe miki?"

Ta yi dariya har da tari. Ta dubi takalmina, ta dubi sandata. "Kai? Dutse ya san tafin ƙafar baƙo, ɗan nan. Wanda zuciyarsa take kan hanya, ko ya kwana yana kira ba ya juyowa."

Da gari ya waye na ji abin da har gobe yake tayar mini da tsigar jiki. Daga tsaunin yamma wata murya ta keto kwari: "Gwamma, kin kwana?" Tsohuwa ta cika ƙirji ta ce, "Na kwana, dutsena ya kwana." Sannan ta juya gabas: "Barmo, ka kwana?" Barmo ya amsa ya miƙa gaba. Haka gaisuwar take bin tsauni tsauni, tana ƙanƙancewa har ta ɓace, kafin hantsi ta zagayo ta ɗaya gefen. Ba mai ɗora tukunya sai ta dawo. Mutanen nan sun tsufa suna gaisawa, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba.

Na zauna wurin Iya Gwamma har kaka ta wuce, ina yi mata itace, tana ba ni nono da labari. Ta nuna mini kabarin mijinta da na 'ya'yanta a ƙarƙashin wani ɓaure kusa da idon ruwa, ta nuna mini inda ta keɓe wa kanta. Amma ƙafata ta fara ƙaiƙayi, na soma shafa wa sandata mai.

Ana nan sai gaisuwar wata safiya ta zo da albishir a bayanta. Matar Tunau, maƙwabcin Barmo, ta haihu. An daɗe rabon ƙasar da kukan jariri, har yaran da aka haifa a ƙarshe sun fara gemu. Ranar tsaunuka suka ɗauki guɗa, wannan ya jefa wa wancan, awaki ma sai da suka ruɗe.

Ranar suna tun da sassafe Iya Gwamma ta ci ado, ta tura manyan itatuwa a murhu, ta kira gabas: "Barmo, riƙe mini." Barmo ya ce, "Na riƙe, Iya." Na goya ta, muka shiga kwando, muka bi igiya. Muka wuce ta gefen dutsen Barmo ba mu tsaya ba, don ita hankalinta duk yana kan jariri.

Gidan Tunau ya cika kafin azahar. Kai, baƙona, ban taɓa ganin taro mai daɗi irin wannan ba. Mutum zai tsaya yana kallon wani kamar baƙo, sai wancan ya buɗe baki, sai ka ji an ce, "Ashe kai ne. Na ɗauka dogo ne kai." Wata mata ta gano cewa mutumin da take jin muryarsa kamar ta bijimi tun tana amarya ɗan tsurut ne mai kunnuwa fato-fato, ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasa. Kuma ba wanda ya iya magana a hankali a cikinsu. Suna zaune gwiwa da gwiwa, amma kowa yana gaisuwa kamar akwai kwari a tsakani. Jaririyar dai ko gezau, barcinta take yi, ka san 'yar gida ce.

An raɗa suna, an ci an sha. Iya Gwamma tana rungume da jaririya, sai ta ɗaga kai ta ga wani dattijo yana suɗe ƙashi. Ta ƙura masa ido.

"Wannan tarin na san shi. Barmo, ba kai ne kake riƙe mini ba?"

"Ni ne, Iya. Amma raina ya biya, sai na haɗa nawa da naki na ba Tunau."

Tunau ya ce, "Ni da baƙi a gida? Na miƙa wa na gaba."

Na gaba ya nuna na gaba da shi. Wancan ma ya nuna wani. Ina tsaye ina kallon yatsa yana zagaya taro, kowa ya karɓa don kunya, ya haɗa da nasa ya tura gaba don ɗoki, har aka zo kan wani mai furfura, maƙwabcin Iya na yamma. Ya ce, "Ni kuwa Gwamma na ba duka. Na kira, na ga hayaƙinta yana tashi, na ɗauka tana ciki tana alwala."

Wurin ya yi tsit. Tunda aka kafa Zobe, ranar ce farko da mutanenta suka yi shiru gaba ɗaya. Sai nonon da ke cikin ƙwarya ya fara rawa.

Muka fito da gudu. Duwatsu sun farka. Wannan yana miƙa, wancan yana karkaɗe kafaɗa, tsuntsaye sun rufe sama. Kowa ya zabura ya nufi igiyarsa yana ƙwala wa dutsensa kira. Yawancinsu tsofaffin duwatsu ne masu nauyin jiki, kafin su ɗaga ƙafa masu su za su isa. Amma Mai-Ƙorama yana bakin giɓi, kuma tun asuba ba wanda ya ambaci sunansa. Ina kallo ya juya bayansa ga kwari, kogin ƙasar ya tsinke daga gindinsa kamar an yanke zare.

Iya Gwamma ba ta yi kuka ba. Ta miƙa jaririya ga uwarta, ta ce a hankali, "In ya tafi, ruwa ya tafi, kowa sai ya watse. Mutanena kuma suna kansa." Karon farko ke nan da na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma ya fi duk ihunta tsorata ni.

Na fizgi wani ɗan kasko, na kwashi garwashi daga murhun suna, na rufe da toka, na ɗaure shi a ka da rawanina.

"Ɗan nan, ba zai saurare ka ba."

"Iya, ai sai ya faɗa mini da bakinsa."

Na haye zuwa dutsen Barmo, na kewaya shi da gudu yana tangaɗi a ƙarƙashina. Da na isa ɗaya gefen, kwandon ya riga ya faɗa kwari, igiyar da ta haɗa shi da Mai-Ƙorama ta miƙe tana kuka, silinta suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Na maƙala lanƙwasar sandata a kan igiyar, na riƙe da hannu biyu, na yi bisimilla na saki ƙasa. Iska ta cika mini riga. Kwari ya buɗe baki a ƙarƙashina, gajimare ya mare ni a fuska, kuma wallahi dariya na ji ina yi. Saura ƙiris in isa igiyar ta tsinke. Ta yi lilo da ni ta maka ni cikin rassan ɓauren nan na kaburbura. Na sauko da ƙujewa a ko'ina, na taɓa kaina, kasko yana nan da ɗuminsa.

Dutse ya fita giɓi ya miƙi fili, yanzu kam ba takun ƙasaita, sauri yake yi. Girgizar tafiyarsa ta sa idon ruwa ya yi ambaliya ya bi ta cikin bukka. Murhu ya mutu, itace ya jiƙe, jinka tana ɗiga. Na hau ƙololuwa na ƙwala kira, "Mai-Ƙorama, tsaya." Na kira da lallashi, na kira da faɗa, na kwaikwayi muryar Iya har maƙogwarona ya dushe. Ko waiwaye bai yi ba. Kafin la'asar na hango teku shuɗi, da kawunan duwatsun da suka riga shi sun leƙo daga ruwa nan da can.

Na koma murhu, na juye kaskon a ciki, na tone toka. Garwashi ya rage kamar idon zakara. Na yagi rawanina na sa, ya ci ya lafa. Na sa jakata, ta yi hayaƙi. Na cire takalmina na jefa, suka ɗan kama, na ji dutsen ya rage sauri kaɗan, sannan ya ci gaba. Ƙamshin gishiri ya fara shiga hancina. Na duba hagu, na duba dama, babu busasshen abu a kan dutsen nan kaf sai guda ɗaya, kuma yana hannuna.

Na daɗe ina kallon sandata. Ranar ƙasashe da yawa ta busar da ita, man da na shafa mata don sabuwar tafiya yana ta ƙyalli. Akwai sauran duniya da ban gani ba, kuma ina son ganinta, Allah ya sani. Na sa ta a gwiwa na karya.

Wuta ta kama ta nan take, ta tashi har ta fara busar da itacen Iya. Na tsaya a kan dutse ƙafa ba takalmi, ban ɗaga murya ba, don ba ni da sauranta. Na ce, "Mai-Ƙorama, ni ne Korau. Ba inda za ni. Kai ma zauna."

Ya ƙara taku ɗaya, ruwan teku ya fantsamo har kan bukka. Sai ya tsaya. Na ji wani dogon numfashi ya fito daga ƙarƙashin tafin ƙafata, ya juyo a hankali.

Komawa ba ta yi sauri ba, don dutse in zai koma gida jan ƙafa yake yi kamar yaron da aka kamo daga wasa. A hanya muka iske jakina, ya cinye igiyarsa ya tsira, ya yi ƙiba, ya dube ni kamar ni na yi masa laifi. Ranar da Mai-Ƙorama ya koma gurbinsa ruwa ya sake gangarawa kwari, guɗa ta zagaya Zobe har ta gaji. Barmo ya kawo Iya Gwamma a sabon kwando. Ta wuce ni ta je gindin ɓaure ta daɗe a durƙushe. Da ta dawo ta dubi ƙafafuna, ta dubi hannuna, ta ce, "Ina sandar?" Na nuna mata murhu. Ta shiga ta dama mini fura. Ta yi shekaru tare da ni kafin ta koma inda ta keɓe wa kanta.

Bayan rasuwarta, wata safiya shaiɗan ya raya mini wani abu. Murya ta keto daga yamma: "Korau, ka kwana?" Na yi shiru da gangan, ina so in gani. Aka sake kira. Sai na ji Barmo daga gabas ya ɗauka, na bayansa ya ɗauka, har duk tsaunukan Zobe suna kiran suna ɗaya. Ba gidan da ya ɗora tukunya. Igiyoyi suka fara motsi ta gefe biyu, mutane suna tahowa. Ni da na yi kwanaki a rijiya aka ce in miƙo buta. Na buɗe baki in amsa, kuka ya riga ni, da ƙyar na iya cewa, "Na kwana, dutsena ya kwana." Barmo ya yi mako yana zagina daga tsauninsa, kowane zagi kuwa daɗinsa nake ji.

Iyakar abin da ya faru ke nan, Allah shi ne shaida, duwatsu kuma suna nan a tambaye su. Yanzu dubi can, bayan hayaƙin Tunau. Ka ga tsaunin nan mai kurmi, wanda ba hayaƙi a kansa? Mai shi ya rasu da damina. Da murya muke riƙonsa, kuma jiya na ga ya fara karkaɗe kafaɗa. Akwai ruwa a kansa, akwai ɗinya, bukkar ma ba ta zube ba.

Ƙara fura, baƙona. Wannan sandar taka kyakkyawa ce. Miƙo in gani, busasshiya ce kuwa?